Maganin Gara a Cikin Gam

A bakin rumfar mai sayar da katako, wata tela ta kawo saman teburinta ta jingine, fallayen katakon duk sun ɗaɗɗago. Wani tsohon kafinta da ke jira ya leƙo.

"Baiwar Allah, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni na sa aka yi. Na tsaya a kan kafintan da ya haɗa shi sai da ya zuba maganin gara a cikin gam ɗin kafin ya manna."

"Ai shi ke nan! Maganin nan maiƙo gare shi, ba ya barin gam ya kama. Katakon ake shafa wa, a bari ya bushe, sannan a manna. Bai gaya miki ba?"

"Ya gaya mini, har da rantsuwa."

"Kika ƙi ji?"

"Baba, teburina na farko gadon mahaifiyata ne, a kansa ta ciyar da mu. Gara ta cinye shi ta ciki, ina ta ɗinki a kai ban sani ba, sai ranar da keken ɗinkin ya rufta."

"Allah ya jiƙanta. Amma ai wannan ma kin rasa shi."

"Duba shi da kyau. Ka ga rami ko ɗaya?"

Ya jujjuya katakon. "Babu."

"To, sabon da za a yi mini ma sai an zuba."

"Zai sake ɓarewa, 'yata."

"Ya ɓare. Ni na ɓata abina da hannuna. Ita dai gara ba za ta ƙara cin komai nawa ba."