Mai Fassara Ya Mayar da Yayana Ɗaki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Asabe daga Limawa, nan Minna.

Yayana direban keke napep ne, bara ya yi hatsari aka yanke masa ƙafa. Tun da aka sallamo shi bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Sai na ji ana yabon wani sabon fim na ƙasar waje, labarin mutumin da ya rasa ƙafa amma ya dage da addu'a har ya koma sana'arsa. Na je shago aka tura mini fassarar Hausa a waya, muka zauna kallo tare.

Mai fassarar nan bai ji tsoron Allah ba. Mutum yana kuka yana roƙon Ubangijinsa, shi kuwa yana cewa, "Gurgu, tashi ka yi mana rawa."

Yaya ya miƙo mini wayar ya ce, "Asabe, haka za su ce in na fita ko?"

Sandunan da ya fara gwada tafiya da su ma ya tura su ƙarƙashin gado. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ni na kai masa da hannuna, da wane baki zan ce masa a'a?