A Gaban Yara Za Ka Wanke Ni

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Gangaren Tudu.

Hedimastanmu ya tsawata mini gaban ɗalibai, wai na ɓatar da takardun jarrabawa. Bayan kwana biyu sai ga su cikin motarsa. Mai makarantar ta kira mu sulhu a ofis, aka rufe ƙofa, hedimastan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri."

Na ce, "Yallaɓai, na haƙura. Amma a gaban yara ka kunyata ni, a gabansu za ka wanke ni." Ranar Litinin kuwa ya yi.

Yanzu abokan aiki na cewa na cika taurin kai. Masu sauraro, ku gaya mini: mutuncin da aka zubar a fili, a ɗaki ake kwashe shi?