Kukan Giyar da Ba Gaggawa Bai Ji Ba

Mai girma shugaban wannan taro, Nana Adusei. Kakakinmu, Okyeame Antwi. Fasto da Liman da suka buɗe mana da addu'a. Shugabannin ƙungiyar direbobin manyan motoci. 'Yan uwana makanikan Suame, da masu walda, da masu sayar da kayan gyara. Iyayenmu mata da suka daka fufun da ke jiranmu. Sannan wanda muka taru dominsa, aminina Opanin Tweneboa, wanda duk Kumasi ta fi sani da rubutun goshin motarsa, Ba Gaggawa, tare da maiɗakinsa Maame Pokuaa: ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni, Kwabena Dwomoh, damar magana, kuma na san dalilin da ya sa aka ajiye ni a ƙarshe. An ce bakina da ɗaci, gara in na gama a wanke shi da miya. Ban musa ba. An tura ni ƙasar waje na karanci gyaran giyar mota, na dawo na iske manya sun cinye kamfanin da ya tura ni, har kusoshin rufinsa. Tun daga nan nake kwance ƙarƙashin motocin mutane, kuma tun daga nan na daina yarda da taro irin wannan, inda ake yafa wa mutum zanen kente yau a manta da shi gobe. Da ba Tweneboa ba ne, da ban zo ba.

Kun ga an yafa masa kente. Kun ga an miƙa masa makullin tirelar ƙungiya da na gama gyarawa, domin jibi ya ɗauki siminti zuwa Wagadugu. To, ni na tashi ne in roƙi a karɓe wannan makulli. Ku dakata da gunaguni. A wurinmu ba a faɗa wa dattijo magana mai nauyi ido cikin ido, sai ta bakin kakaki. Saboda haka, Okyeame, da kai nake, sauran jama'a su saurara.

Na farko, Okyeame, ka san wane ne wannan mutum. Ranar da na fara kafa rumfa a Suame, babu wanda ya yarda ya ba ɗan boko mota. Shi ne ya turo tsohuwar gingimarinsa, ya leƙo ta taga ya ce, "Kai, Baturen Suame! An ce ka karanta giya a littafi. Zo ka gaya mini me wannan tsohuwar take cewa." Na saurara na ce boris ne. Ya ce, "Boris ɗin gidanku. Haƙorin giya ta uku ne, tun daga Techiman take yi mini ƙorafi." Muka kwance giyabos. Boris ya ci, haƙori ya fashe. Muka tsaya muna duban juna, kowa na jiran ɗan uwansa ya ba da haƙuri, har yau babu wanda ya bayar. Shi ya ciyar da ni a shekarun da babu ciniki, shi ya tsaya mini ranar aurena, shi ya riƙe ni ranar da na binne matata. Kuma a duk hanyar arewa ba a yi direba mai kunne irin nasa ba.

Na biyu, Okyeame, ka san irin motar da muka ba shi. Ba irin ta da ba ce. Motar da can tana da sandar giya, hannun direba na kanta daga safe har yamma, in wani abu ya fara ci a ciki, tafin hannu zai ji rawarsa ko da kunne bai ji ba. Wannan otomatik ce. Ita ke canza wa kanta giya, babu sanda, babu kuloci, babu abin da take gaya wa hannu. Hanya ɗaya gare ta ta kai kuka, ita ce murya. In ƙananan giyoyin da ke zagaya babbar suka fara ci, sai ta fara wani siririn kuka kamar na sauro, yana tashi in an taka, yana sauka in an saki. Wanda ya ji shi a wannan lokaci, boris da mai da filta kawai zai canza. Wanda bai ji ba, garin ƙarfe zai bi mai ya toshe hanyoyinsa, man ya ƙone, giya ta fara zamewa. Kuma kun sani, direbobi, a gangaren Kintampo, da siminti a baya, ba birki kaɗai ke riƙe mota ba. Giya ce ke riƙe ta. In ta saki, birki zai yi zafi ya bi ta.

Na uku shi ne mai wuyar faɗa. Watan jiya wannan tirela ta shigo Suame, tun daga kwanar kasuwa nake jin kukanta. Masu walda suka ajiye aiki. Antie Konadu mai waakye, shinkafa da wake, wadda ba ta taɓa riƙe sifana ba, ta ɗago kai ta ce, "Wofa Kwabena, wannan mota haihuwa za ta yi?" Tweneboa ya diro yana murmushi, ya bugi ƙofar ya ce, "Bature, duba mini fitila kawai. Yarinyar nan lafiya lau, shiru kamar coci ranar Litinin." Na kwance toshiyar man giya ta ƙasa. Mayen ƙarfen da ke jikinta ya yi gashin garin ƙarfe kamar bushiya, man ya yi baƙi yana ƙauri. Na kira sunansa ta bayansa, na sake kira. Bai juyo ba.

Kada kowa ya yi kamar yau ya fara ji. Dukanmu mun sani. A tasha kuna ɗaga murya in za ku gaishe shi, ku ce hayaniyar inji ce. A coci an matsar da kujerarsa gaba, an ce girmamawa ce. 'Ya'yansa suna ƙure rediyo su ce su ne suke son waƙa. Duk Suame ta haɗa baki tana rufa masa asiri saboda ƙauna. Irin wannan ƙauna na san ta. Ita ce ta masu zuba mai mai kauri a giyabos don kuka ya lafa. Kukan yana lafawa, ƙarfen kuwa yana nan yana cin ɗan uwansa. Na yi masa magana mu biyu, ya yi dariya ya ce shi ma ya yi kewata. Bai ji ni ba.

Ku dube shi yanzu. Ku dube shi da kyau. Tun da na fara yake gyaɗa kai yana murmushi, yana juya makulli a yatsa. Yana tsammani yabonsa nake yi. Kuma yabonsa nake yi, wallahi ban taɓa yabon kowa haka ba.

Ga roƙona, Okyeame. Kujerar mai kula da lodi a tashar Anloga babu kowa a kanta. A ba shi. Idonsa garau yake, zai gane lodin da ya karkace tun daga nesa, kuma babu direban da zai yi masa ƙarya. Na binne abokan karatu, na binne kamfani, na binne mata. Ba zan je Kintampo in tsinto Tweneboa a cikin buhunan siminti ba. Maame Pokuaa, ke ce kika san kunnen da ya rage masa. Okyeame ya ba ki izini. Ki matsa, ki faɗa masa duka, kada ki rage komai. Za mu jira.

Jama'a, ku yi shiru. Ku bar shi ya miƙe da kansa, kada kowa ya kama shi.

Na baya ba su ji ba? Ya ce, "Bature, duk wannan surutu a kan makulli ɗaya? Da ka zo ta kunnen hagu tun tuni." Ga shi ya ɗora shi a tafin Okyeame. Ya kuma ce in gaya muku, wancan karon haƙori ne, ba boris ba.

Haƙori ne, Tweneboa. Na yarda, haƙori ne.

Allah ya tsare duk wanda zai hau hanya jibi da bayan jibi. Allah ya kai kowace mota ƙasan gangare lafiya, ya mai da kowane direba ga iyalinsa. Allah ya ba mu masu faɗa mana gaskiya tun kukan yana siriri. Allah ya ja kwanan Opanin Tweneboa, ya bar mini shi in samu abokin gardama. Allah ya albarkaci wannan taro da hannuwan da suka dafa abinci.

Na gode.