Jif Ɗina Ta Daina Sallama

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka kwarjini.

Ni dattijo ne mai martaba a unguwar Madaki. Shekara da shekaru tsohuwar jif ɗina ke yi mini sallama. Tun daga kwana take kukan ƙiiƙi-ƙaaƙa, 'yan majalisarmu su gyara zama. Makon jiya wani bakanike a Bolari ya ce, "Alhaji, bushin ƙafa, wato robobin da ke hana ƙara, sun cinye," ya sa sababbi. Mota ta yi tsit.

Jiya na iso ba wanda ya ji, sai na tsinci muryar aminina yana cewa, "Yau Alhaji Amalanke bai fito ba?" Kowa ya gane wanda ake nufi, har ni: ashe kukan motar ya sa suke kirana haka a bayan idona.

Na koma neman tsofaffin bushin, bakanike ya ce ya zubar. Jama'a, ku ba ni shawara: in riƙa danna hon tun daga kwana, ko in haƙura in amsa sunan?