Takardar Mai Jirgi Tana Hannuna

Mai gabatarwa, salamu alaikum, ina gaishe ka daga Hindawiyya, Jidda.

Aikina na farko yau shi ne jera takardun iƙama, wato izinin zaman ƙasa, a ofishin kafilinmu, ubangidan da ya tsaya mana, da ke unguwar Bagdadiyya. Ta uku ce ta tsayar da ni.

Shekara sha ɗaya da suka wuce muka biyo Kogin Nilu daga Kosti ta ƙasar Sudan, ni da mahaifina, za mu hajji. A madatsar Jabal Awliya jirginmu ya kwana uku yana jiran a buɗe ƙofar ruwa. Rana ta huɗu Baba ya sauka mashiga neman maganin ciki, sai aka buɗe. Na riƙe rigar mai jirgin na ce, "Alhaji, don Allah, ga tsoho can yana tahowa." Ya ce, "Yalla, ƙofa ba ta jiran kowa." Jirgin ya wuce ya bar shi. Wata biyu na yi kafin na gano inda aka binne Baba.

Hoton mai jirgin nan ne a takardar. Sau biyu na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, don ina yawan zargin idona. Sunan ɗaya ne, tabon goshin ma ɗaya. In ban kai takardar a sabunta ta ran Alhamis ba, za a kore shi daga ƙasar. Wallahi so nake ya ɗanɗana jira.

Masu sauraro, me zan yi?

Ayyukan da ban gama ba, sai gobe:
Sayen kananzir.
Gyaran takalmin Hajiya, matar kafilinmu.
Takarda ta uku.