Sunana Yero, Ba Yaro Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki?

Ni ne Yero daga Birchi. Ban yi nisa a boko ba, amma na lura in kunne ya ji sunan da bai sani ba, sai ya jawo shi wajen kalmar da ya saba da ita. Shi ya sa daga Kurfi har Dutsin-Ma "Yaro" ake ce mani.

Ranar kasuwa mai shayi ya tambayi sunana, na faɗa mashi. Da ya haɗa sai ya ce, "Yaro, ga shayinka." Ni da gemuna! Na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Kai Bafillace, kurma ne kai?" Na ce, "Malam, yaron bai zo ba, Yero ne ya zo." Sai da shayin ya huce kafin ya faɗi sunan daidai, sannan na sha.

Baffana ya ce in riƙa amsa Usman, sunan yankana, in huta. Ba zan yi ba. Kakata ce ta sa mani Yero, wato ɗa na uku da Fillanci. Yau Fillanci ya ɓace a gidanmu, wannan kalmar kaɗai ta rage a bakina. In na bari ta zama Yaro, ita ma ta tafi ke nan.

Kai ma, Malam, da na aiko gaisuwa kwanakin baya, Yaro ka karanta. Na yafe. Amma yau ka natsu ka gaishe mani da mutanen Birchi, ka ce daga Yero.