Afuwar Gwamna Ba Ta Kai Kan Baban Asma Ba

Tasallah: Salamu alaikum. Zakiru, kana ji na?

Zakiru: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina wuni? Ya Madina?

Tasallah: Alhamdu lillahi. Ya Inna da ƙafarta?

Zakiru: Da sauƙi. Ya zafi? Ya aiki? Ya mutanen gidan da kike...

Tasallah: Gaisuwar nan ta yi yawa. Mijina ya fito?

Zakiru: Maigandi dai, wanda aka kama su tare, ya fito jiya.

Tasallah: Baban Asma na tambaye ka. Kai ka ce min sunansa na cikin waɗanda gwamna zai yi wa afuwar Sallah.

Zakiru: Da yana ciki, sai ma'aikatar shari'a ta cire shi. Wai gwamna ba shi da iko a kansa.

Tasallah: Ba na jin ka, matsa waje. Ba shi da me?

Zakiru: Iko.

Tasallah: A jiharsa aka kama shi, a jiharsa yake ɗaure.

Zakiru: Haka na ce wa lauyan. Ya ce fasa-ƙwaurin shinkafa dokar tarayya ce, afuwarta sai Abuja.

Tasallah: A mota ɗaya fa aka kama su. Maigandi har ɗan kamasho ya fasa wa kai a tasha.

Zakiru: Da wannan aka tuhume shi. Fasa kai dokar jiha ce, Yaya.

Tasallah: Tayyib. Wanda ya zubar da jini yana gida, wanda ya riƙe sitiyari yana ciki.

Zakiru: Lauyan ya ce ana maganar gyara, a ƙara wa jihohi iko.

Tasallah: Wa zai gyara?

Zakiru: 'Yan majalisarmu sun ce ba huruminsu ba ne. Na Abuja sun kafa kwamiti.

Tasallah: Zakiru, a kan maganarka na sa kafilata, Madam ɗin da nake wa aiki, ta buga min huruj niha'i. Fita ba dawowa. Shekara tara ina girki a gidan nan na unguwar Ƙurban, na ajiye aikin don in dawo in tarbe shi.

Zakiru: Innalillahi. Ki roƙe ta ta soke mana.

Tasallah: Ta riga ta ɗauki wata 'yar Chadi. Saura masa nawa?

Zakiru: Shekara biyu. Amma idan kwamitin ya zauna...

Tasallah: Khalas, shi ke nan. Kai za ka gaya wa Asma, tunda kai ka sa ta yi kitso.

Zakiru: Yaya, ki saurare ni...

Tasallah: Madam na kira. Zan nuna wa sabuwar inda ake ajiye shinkafa.

Zakiru: Yaya? Halo?